Kafin ki zuba wa kan mutane abin da ba ki sani ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗiyata Rukayya,

Gaisuwa mai yawa daga ni mahaifiyarki, da fatan kin buɗe takardar nan kina zaune lafiya a masaukinki na Kaduna. Allah Ya kare ki daga sharrin hanya da sharrin baƙunta, Ya haɗa ki da masu tsoronSa. Babanki ya sa miki albarka. Labarin gida ba sai na ba ki ba, daga cikinsa kika fito. Na cusa takardar nan cikin zannuwanki ne saboda maganar ta fi ƙarfin tsayuwar tasha, kuma na san halinki. Da da baki na fara, da kin ce, "Inna, kin fara zargin nan naki."

To, na fara. Ki daure ki karanta har ƙarshe.

Ranar da Hajiya Binta ta zo suna a maƙwabtanmu, ta ga shukun da kika yi wa mai jego, ta ce sai ta tafi da ke shagonta na gyaran gashi, na yi murna. Wace uwa ce za a yabi hannun ɗiyarta ta ƙi jin daɗi? Amma ina gefe ina lura da ita. Kitson mai jego kallo ɗaya ta yi masa. Da ɗankwalinki ya zame kuwa, gashin nan da kika gado wajen kakarki ya zubo, sai na ga idonta ya tsaya a kai ya ƙi tashi. Har sai da ta miƙa hannu ta shafa.

Washegari da ta zo sallama ta kawo min tsaraba, robar shamfu da ta kwandishina, ta ce da kanta take haɗawa tana sayarwa ta waya. Na juya robar. A gaba hoton mace ne mai gashi har gadon baya. A baya lambar waya ce kawai.

Na ce, "Hajiya, me aka zuba a ciki?"

Ta yi dariya ta ce, "Ai Mama wannan sirrin sana'a ne. Amma ki kwantar da hankalinki, duk ganye ne da mayukan gargajiya. Ko ɗigon kemikal babu."

Bayan fitarta na zuba kaɗan a tafin hannu, na sa ruwa na murza. Kumfa ta taso har tana zubowa ta tsakanin yatsuna. Rukayya, tun ban kai shekarunki ba nake wanke kan mutane, kuma babu ganyen da na taɓa gani yana kumfa haka. Ban ce matar muguwa ce ba. Ban san ta ba, damuwata ke nan. Abin da na sani shi ne tambaya ɗaya na yi mata, ta ba ni amsar da ba gaskiya ba, tana murmushi.

Bari in ba ki labarin yadda na san kumfa, don da kuskure na san ta.

A Tsiga, wajen kakata da ta koya min kitso, da karkashi muke wanke kai. A jiƙa ganyen ya saki yauƙi, a cuɗa kai da shi, a ɗauraye. In dauɗa ta yi yawa a sa sabulun salo, in kai ya sha iska a bi shi da man shanu ko man kaɗanya. Da aka kawo ni Funtua na ci gaba da kitso a tsakar gidan nan. Lokacin kaka, in an kai auduga da masara kasuwa, hannun mata ya yi nauyi, kowa na son gyara. Sai suka fara cewa karkashi ƙauyanci ne, su shamfu suke so.

Akwai wani mutum a bakin kasuwa da yake zama da jarkoki, kore da ja, yana ɗurawa a roba da mazurari. Nasa ya fi na shago araha nesa ba kusa ba, ga kauri, ga kumfa. Na riƙa saye. Mata suka riƙa yabo, in na cuɗa kai kumfa ta rufe har kunne sai ka ji ana cewa, "Yawwa, wannan shi ne wanki." Ni ma kaina ya kumbura. Kafin damina ta zagayo, gashin masu zuwa wurina ya koma kamar gemun masarar da ta bushe a gona. In na sa mataji sai in ji ƙas-ƙas, in duba tabarma in ga guntaye. Kuma ban zargi jarkar ba. Na zargi ruwan rijiyarsu, na zargi shayarwa, wata ma na ce mata ƙila maiƙo ne ba ta ci. Kowa na ɗora wa laifi ban da abin da ke hannuna.

Baffanki Sada, ƙanen babanki da ke koyar da kimiyya a sakandare a Malumfashi, shi ya farkar da ni. Ya zo yawon Sallah ya ga jarkar a bakin ɗaki, ya buɗe ya sunsuna, ya ce, "Matar yaya, wannan na wanke mota ne ko na wanke mutane?"

Na ce masa ya bar wasa. Ya ce ba wasa yake ba. Ya fita ya sayo shamfun kamfani a shago, ya zaunar da ni, ya juya bayan robar ya nuna min ƙananan rubutun nan da ba wanda ke karantawa. Ya ce kamfani na gaskiya dole ya jera abin da ya zuba, kuma wanda ya fi yawa shi ake fara rubutawa. Na farko ruwa ne, tsabar ruwa. Na biye da shi shi ne mai yin wankin, ana ce masa salfet. Shi ke kama maiƙo da dauɗa ya tafi da su cikin ruwa, shi ke kawo kumfar. Danginsa ne ke cikin sabulun wanke kwanoni. Ya ce ba guba ba ne, amma bai san bambancin dauɗa da maiƙon da Allah Ya halitta wa fatar kai ba, duka yake kwashewa. Gashinmu kuwa murɗaɗɗe ne, maiƙon da ƙyar yake gangarowa daga tushe zuwa baki, ga shi an zo an kwashe ɗan abin da ya samu. Shi ya sa kamfanoni ke sassauta shi da wani mai sanyin hali da ake fitarwa daga man kwakwa, sunansa ma na Turanci da koko ya fara, wato kwakwa. Mai jarka kuwa ba ruwansa da sassauci.

Na ce, "To ai nasa ya fi kauri, Malam. Abu mai kauri ai ba a tsinka shi da ruwa ba."

Ya ce in kawo kofi da gishiri. Ya zuba shamfu, ya tsinka shi da ruwa, ya barbaɗa gishirin miya yana juyawa da tsinke. Ina kallo abin ya kama jikinsa ya zama kamar kunun tsamiya. Ya ƙara gishiri, ya ƙara, sai kuma ya sake tsinkewa. Ya ce, "Ga kaurinki nan. Gishiri ne. Kowa na sawa, amma wanda ya cika ruwa shi ya fi buƙatarsa."

Ranar ban iya cin tuwon Sallah da daɗi ba. Don haka, ɗiyata, in aka miƙo miki roba ana cewa ki ga kumfa, ki ga kauri, ki san an nuna miki abubuwa biyu da suka fi komai araha. Kuma in kina wanke kai, fatar kai za ki cuɗa, kumfar da ta gangaro ta ishi jelar gashin. Ba sai an maimaita har gashi ya riƙa ƙara a hannu ba. In ya yi ƙara, kin wuce wuri.

Daga nan na koma sayen na shago, na shiga harkar kwandishina. Shi ma Baffanki ya yi min bayaninsa da abin da na sani a madafa. Ya ce kowane silin gashi yana da ɓawo-ɓawo a kwance kamar na kifi. Abu mai ɗabi'ar kanwa yana ɗaga ɓawon, gashi ya yi kaushi ya riƙa sarƙewa. Abu mai ɗan tsami yana kwantar da shi. Shi ya sa ake sa wa kwandishina ɗan tsami irin na lemon tsami. Akwai kuma wani mai suna da ya fi ƙarfin bakina, wanda ke manne wa gashi ya sa mataji ya wuce ba faɗa, da gilisirin mai jawo laima ya riƙe. Waɗannan ban da ƙorafi a kansu.

Wanda ya ruɗe ni shi ne silikon. Duk sunan da kika ga ya ƙare da kon a bayan roba, yawanci shi ne. Yana lulluɓe gashi ya sa shi santsi da sheƙi nan take. Wata mata ta zo min da gashi duk ya tsattsage a baki, na shafa mata, ya kwanta yana walƙiya, na ce mata, "Kin gani, ya warke." Ta tafi tana sa min albarka. Bai warke ba. Rufe shi aka yi, kamar yadda ake shafe bangon da ya tsage da farar ƙasa. Ta yi ta shafawa a kan kitso ba ta wankewa sosai, abin ya taru ya yi danƙo, gashin ya yi nauyi, ƙarshe sai da muka datse bakin da tun farko ya kamata in ce mata a datse. Silikon yana da amfaninsa, yana rage karyewa wajen taja, amma ba magani ba ne. Gashin da ya riga ya fito ba ya cin abinci kuma ba ya warkewa, sai dai a lallaɓa shi. Duk wanda ya ce miki robarsa na tsirar da gashi cikin 'yan kwanaki, ki dube shi da kyau.

Kada ki ɗauka kuma zargina kullum daidai yake faɗawa. Akwai ranar da na ga kalmar alkohol a bayan kwandishinan da na saya wajen wani bawan Allah mai shago a layin tasha. Na ce ashe giya nake shafa wa matan Musulmi a ka suna zuwa suna salla da ita. Na tuttular da shi a kwata, kuma ban tsaya nan ba, na je Islamiyya na faɗa wa mata. Kafin sati ya zagayo, magana ta gama unguwa, aka daina shiga shagon mutumin. Da Baffanki ya ji, sai da ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ɓata rai. Ya ce wanda na gani, setil alkohol, suna kawai suka haɗa. Fari ne, daskararre kamar kakin zuma, daga man kwakwa ko na kwakwar manja ake yin sa, ba ya bugarwa, kuma shi ne ma ke sa kwandishina laushi. Mai busar da gashi wani ne daban, irin sifirit na asibiti mai tashi a iska. Ya ce, "Da kin tambaya. In ma shakkar addini ce, sai ki je wa malamai da bayani a hannu, ba da jita-jita ba." Na sa hijabi na je shagon na ba mutumin haƙuri, na koma Islamiyya na warware. Amma waɗanda suka ji warwarar ba su kai waɗanda suka ji zargin ba. Ki yi zargi, Rukayya, amma ki kai shi wajen wanda ya sani kafin ki kai shi bakin mutane.

Abin da ya biyo baya ke kanki kina cikinsa, ko da yake ƙila ba ki san dalilinsa ba. Na gaji da na kasuwa, na ce bari in haɗa nawa, tsarkakakke, ba kemikal, irin maganar da Hajiya Binta ta yi min. Na jiƙa karkashi na tace, na matse alobera, na daka zogale, na narka sabulun salo, na zuba turare mai ƙarfi, na ɗura a robobi na jera a kan kanta. Na manta abu ɗaya. Kakata kullum sabon karkashi take jiƙawa, abin da ya rage ta zubar a gindin bishiya. Ba ta taɓa ajiye shi ya kwana ba. Nawa kuwa ya zauna cikin zafin bazara yana ruɓewa a hankali, turaren ya danne warin. Na ga ɗigo-ɗigon baƙi a wuyan robar, na ce garin zogale ne.

Ke na fara wanke wa kai da shi, kina aji biyu na firamare. Ƙuraje suka feso miki, masu ruwa, kina susa kina kuka. A asibiti ma'aikaciyar jinya ta tambaye ni me na sa miki, na nuna mata robar ina alfahari, na ce haɗin gida ne. Ta buɗe, ta kawar da kai, ta ce, "Baiwar Allah, wannan ai ya yi fumfuna." Sai da aka aske ki tas don magani ya kai ga fata. Kin ƙi zuwa makaranta, kika ce yara za su ce miki namiji. Ni na riƙa raka ki har bakin aji da ɗankwali ɗaure tam.

Tun daga nan na daina tsoron sunayen nan na ƙarshen jeri, irin su faraben da 'yan'uwansa. Aikinsu hana ruɓewa, kuma kaɗan ake sawa. Wasu kamfanoni sun bar faraben sun koma wasu, wannan tsakaninsu ne da masana. Amma duk abin da aka haɗa da ruwa aka ce zai zauna a kanta wata da watanni, dole akwai mai tsare shi a ciki. In aka ce miki babu, to ɗayan biyu ne: ko an sa an ɓoye miki, ko ba a sa ba yana nan yana ruɓewa. Wanda aka sa aka ɓoye kuma ba ki san ko mene ne ba, ba ki san yawansa ba. In kika buɗe roba kika ji ta yi miki yaji a ido da hanci, ki rufe ki ajiye. Turare ma ki sa masa ido. Shi ne ya fi sa mutane ƙaiƙayi, kuma shi ake ɓoye wari da shi. In mace ta zo miki da amosani, akwai shamfun magani a kemis. In makero ne ko ƙuraje, ki ce ta je asibiti. Ke makitsiya ce, ba likita ba, kada ki bari wani ya ɗora miki rigar da ba taki ba.

Yanzu ga abin da nake so ki yi a gidan Hajiya Binta. Ki girmama ta, ki yi mata aiki da gaskiya, kada ki je mata da fuskar tuhuma. Amma ki nemi ganin inda ake haɗin, da idonki. Ki ga buhuna da jarkokin da ake ɗiba, ki karanta sunayensu, kin fi ni boko. Ki ga ko ana aunawa ko da ka ake zubawa. Ki duba ko robar na da lambar rajistar hukuma da ranar lalacewa. In ta nuna miki komai ba ɓoye-ɓoye, alhamdulillahi, ni ce na yi kuskure, kuma zan fi kowa murna. In ta ce sirri ne, ki ce mata ke kitso kika zo yi, ki tsaya a kitsonki.

Sannan ina jin a jikina wata rana za ta ce ki kwance gashinki ki riƙe robar a ɗauke ki a waya, ko da ba za a nuna fuska ba, a ce wannan haɗin ne ya tsirar da shi. Ki ce a'a. Gashin nan ba roba ce ta ba ki ba, kin san inda kika samo shi. Bayan batun sutura da ba sai na tuna miki ba, wata yarinya a wani gari za ta gani ta yarda ta saya saboda ke. In aka matsa miki, motar Funtua ba ta yankewa, ɗakinki na nan, tabarmar kitso na nan. Ba wanda zai ce kin kasa.

Saura magana ɗaya, ita ce mai nauyin. Duk unguwa sun san ta, ke ma kin ji gutsi-gutsi, amma ba ki taɓa ji daga bakina ba.

Mama Larai, aminiyata tun muna yara a Tsiga, kin san ba wanda ke taɓa kanta sai ni. A da tana da gashin da in ta tsefe sai ya rufe mata kafaɗu, cikakke, mai tauri, taje shi yaƙi ne. Shekarar da Allah Ya kira ta aikin Hajji ta zo ta ce in yi mata ƙananan kitso da za su kai ta su dawo da ita. A kwanakin wata dillaliya da ta daɗe tana shigo mana da kaya ta kawo min kwandishina na wani sanannen kamfani. Ta ce daga Kano aka saro, sabon fitowa ne, yana sa gashi mai tauri ya yi laushi kamar auduga, a shafa a rufe da leda a bar shi ya jima. Na juya bayan robar na karanta. Komai daidai: ruwa, setil alkohol, gilisirin, duk sunayen da na sani. Na ji daɗin kaina, na ce yanzu ai ba mai cuta ta.

Murfin ba shi da liƙin nan na kamfani, na gani. Warinsa ba irin wanda na saba ba ne, na ji. Da na lakata, wata 'yar tsaga da ke babban yatsana ta yi min zugi. Duka na ture, saboda rubutun ya yi daidai.

Na shafe kan Larai da shi tun daga goshi har ƙeya, na ɗaura leda. Muna hira tana ba ni labarin abin da aka koya musu a bitar maniyyata. Can ta ce, "Hajara, kaina na zafi."

Na ce, "Aiki yake yi. Ki daure."

An jima ta ce, "Anya kuwa, ƙawata? Kamar wuta fa."

Na ce, "Saura kaɗan. Ke dai ba kya son wahala."

Ina ta surutuna, sai na lura hirar ni kaɗai nake yi. Na leƙa fuskarta na ga hawaye na zuba, hannunta ya damƙe bakin tabarma. Na fizge ledar na fara kwara ruwa. Rukayya, gashin ya riƙa biyo hannuna. Curi-curi, kamar jiƙaƙƙiyar auduga. Tsakiyar kanta ta yi jawur, fatar ta saɓule. Na yi salati da ƙarfi har maƙwabta suka shigo. A babur mai ƙafa uku muka kai ta asibiti, tana riƙe da hannuna, ita ke ce min in daina kuka.

Baffanki ya zo da wata 'yar takarda da suke gwaji da ita a makaranta, mai sauya launi. Ya tsoma a ragowar, ya dube ta, ya dube ni. Ya ce soda ce, irin wadda ake dafa sabulu da ita, irin ta man miƙar da gashi, kuma an zuba ta ba awo. Robar ta kamfani ce da gaske. Abin cikin ne ba nasu ba. Wani ya sayi robobin da aka yar wajen masu tsintar bola, ya wanke ya ɗura nasa. Dillaliyar ta rantse da Allah ba ta sani ba, kuma ƙila gaskiya ta faɗa. Ta saya wajen wani, shi ma ya saya wajen wani. Har yau ba a san hannun da ya dama abin ba.

Larai ta tafi Hajji da bandeji a ƙarƙashin hijabi. Ta ba ni labari daga baya cewa da aka zo yanke ɗan gashin nan na kammala ibada, sai da abokiyar tafiyarta ta laluba ta gefen kunne kafin ta samu abin kamawa. Tsakar gidan nan kuwa ya yi shiru, mata suka ɗauke ƙafa, na daɗe ban ga kan kowa ba sai naku. Ban ga laifinsu ba. Ni ma da ni ce, ba zan zo ba.

Ita ce ta fara dawowa. Ta shigo da tsarabar dabino da zamzam, ta zauna a kan tabarma, ta juya min baya ta cire ɗankwali. Gefe da gefe ya fara tsirowa. Tsakiyar, wuri kamar faɗin tafin hannu, ya zama tabo mai sheƙi, likita ya ce gashi ba zai sake fitowa a wurin ba. Ta ce, "To, kitsa abin da ya rage." Na kitsa ina kuka. Har yau ni ke jan kitson ta gefe in rufe mata wurin.

Shi ya sa kike ganin ina huda kowace roba da wuƙa kafin in yar, kina ce min ɓarna. Ke ma ki riƙa yi. Ki sayi kaya inda za ki iya komawa ki tsaya ki yi magana. Ki duba liƙin murfi. Sabon abu ki fara gwada shi a cikin hannunki, ki bar shi ya wuni, kafin ya hau kan kowa. In hancinki ko yatsanki ya faɗa miki wani abu, ki saurara ko da rubutu ya ce ba haka ba. Kwandishina na gaskiya ba ya zafi, ko kaɗan. Kuma duk ranar da mace ta ce miki kanta na zafi, kada ki ce ta daure, kada ki ce saura kaɗan, kada ki tsaya tambayar uwar ɗakinki. Ruwa, mai yawa, nan take, ki yi ta kwarawa. In kin yi asarar abin da kika shafa, ba ki yi asarar komai ba.

Cikin satin nan Larai ta zo kitso, na faɗa mata za ki tafi. Na fara tsaga mata kai. Sannan ta ce, "Hajara, ki faɗa wa ɗiyata magana ɗaya. Duk wadda ta zauna a gabanta, baya ta ba ta. Ba ta ganin abin da ke hannunta. Ni ranar nan ko kallon robar ban yi ba. Ke na sani."

Na ci gaba da kitso.

Allah Ya tsare min ke, Rukayya. Ya tsare hannunki daga cutar da bayinSa, Ya tsare ki daga hannun da zai cuce ki. Ya ba ki arziki na halal mai albarka, Ya sa ki kwana lafiya ki tashi lafiya a garin mutane, Ya dawo min da ke da mutuncinki. Ki riƙe salla a kan lokaci. Ki gaishe da Hajiya Binta, ki ce na gode da ɗawainiya.

Wassalamu alaikum.

Mahaifiyarki,
Hajara